Geron da Na Bi Har Sakkwato

A shekarar da na shiga aji biyar na sakandare aka ba mu wani littafin labari mu karanta don jarrabawa, ni kuwa na ɗauke shi kamar don ni kaɗai aka rubuta. Labarin wani saurayi ne ɗan ƙauye da aka kai shi birni gidan wani ɗan'uwansu mai kuɗi. A ƙauyen littafin nan kowa mai gaskiya ne, kowa hannunsa a sake yake. A birni kuwa gida ya amsa sunansa gida, motoci reras, amma ba mai son ɗan'uwansa tsakani da Allah. Wurin da na fi so shi ne inda wasu baƙi masu hali suka sauka gidan mahaifiyar saurayin, ta ɗauko abin da ya fi komai kyau a ɗakinta ta ba su, suka tafi kunya ta rufe su. Na karanta shafin nan har ya fita daga ɗinkinsa.

Ina da dalilina. Ni 'yar wani ƙauye ce tsakanin Isa da Tozai, amma tun ina shekara goma sha biyu nake makarantar kwana a Sakkwato. Ƙanen babana, wanda muke kira Baffa, shi ya ɗauki nauyin karatuna. Ɗan kwangila ne, yana da gidan bene da maigadi da motoci biyu, kuma a gidansa nake yin yawancin hutuna. Ba a taɓa wulaƙanta ni a gidan ba, in faɗi gaskiya. Amma na tsani yadda matarsa Hajiya take tambayata ko na iya kunna gas, na tsani yadda 'yarsu, sa'ata, take kwaikwayon maganata in na ce "wanga". Da littafin nan ya zo hannuna sai na samu hujja. Ashe mu ne mutanen kirki, su ne abin tausayi! Na riƙa yawo a gidansu ina ɗaga kai kamar wadda ta zo duba marasa lafiya.

Abin da ban yarda da shi ba a lokacin shi ne, ni ɗin ma shekara biyar rabona da ganin girbi. Lokacin yankan gero kullum ina aji. Ƙauyen da nake taƙama da shi, rabinsa a littafi na san shi.

Hutun bazara na dawo gida. Zafi ya kai zafi, kowa yana kallon gabas yana jiran ruwan shuka. Ranar kasuwar Isa Baba ya fita tun da safe, Inna kuma ta tafi Tozai barkar haihuwa da ƙannena, aka bar ni da gida. Da hantsi sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Hajiya ce da 'yarta da direba, za su Sabon Birni ta'aziyya, suka ce bari su biyo su gaisa. Na shimfiɗa musu tabarma, Hajiya ta zauna a gefe-gefe tana ta fifita da mayafinta. Ta ce tunda ba su tarar da kowa ba za su wuce, in Allah ya so su sake biyowa da la'asar.

Motar na juyawa na ce a raina, yau ga ranata. Yau za su ga abin da ake kira karɓar baƙo.

A gidanmu, kamar kowane gida a wajenmu, maigida ne yake buɗe rumbu. Shi yake hawa ya fito da dami ya ba matan gida, ba wanda yake leƙawa sai shi. Akwai surfaffen gero a ƙwaryar Inna wanda zai isa a dama wa baƙi fura, amma na dube shi na raina. Na jingina tsani, na tura murfin rumbun da sanda, na leƙa. Dammunan gero da na dawa ne a jere, duk iri ɗaya, sai wani guda a can sama, an ɗaure shi da kaba an ajiye shi daban. Ban taɓa ganin gero mai kyansa ba. Kowace zangarniya doguwa, cike take tun daga gindi har kai, ga wani gashi-gashi a jikinta. Na ce to, ka ga wanda Baba ya ware don manyan baƙi. Na jawo shi na sauko, har ina yabon kaina da na iya zaɓe.

Ni kaɗai na yi sussuka, na sheƙe. Ƙwayar manya-manya, launin toka mai haske. Na raba biyu. Rabi na surfa, na wanke, na daka da citta da kanumfari, na dafa, na kirɓa. Hannuna da ya saba da biro ya yi bororo har biyu, ban damu ba. Na sayi nono wurin Bafulatanar da take kawo mana. Ɗaya rabin kuwa na zuba shi a ƙaramin buhu yadda yake, ban surfa ba, na ɗaure bakin, wai tsaraba.

Da la'asar suka dawo. Hajiya ta sha ludayi uku ta ce ta ƙoshi, madalla. 'Yar Baffa kuwa ta shanye nata har ta nemi ƙari, abin da ya ɗan ɓata min lissafi, don na so ta yatsine fuska in samu abin faɗa. Da za su tafi na kinkimo buhun na kai mota da kaina. Hajiya ta ce, "Haba ɗiyata, da kin bar shi, akwai gero gida." Na ce, "Ai ba irin wanga ba, Hajiya. Mu nan abin da muke da shi ke nan." Na faɗe shi da irin muryar da nake jin matar littafin za ta yi. Direba ya jefa buhun a but ɗin mota, suka tafi.

Inna ce ta fara dawowa. Ta ga tsani jingine da rumbu, ta ga ƙaiƙayi a tsakar gida. Ta duƙa ta ɗauki wata sussukakkiyar zangarniya, ta juya ta, sai na ga ta zauna a ƙasa daɓas da goyo a bayanta.

"Ke! Mi kinka yi?"

Na fara ba ta labarin baƙi da fara'ata. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Iri na! Irin babanku na kinka daka!"

A nan tsakar gida ta faɗa min abin da kowane yaro ɗan shekara bakwai a ƙauyen ya sani, ni mai aji biyar ban sani ba. Geron nan kakanmu ne ya zo da shi daga arewa, can ƙetaren iyaka, tun Baba yana yaro. Yana riga geron kowa nuna da kusan mako uku, gashin jikinsa kuma yana hana tsuntsu ci. A 'yar gona guda ake shuka shi, don shi ne yake fitar da gidanmu daga wahalar tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba. Yana nuna ake cinye shi, ba a kai shi rumbu. Abin da ake bari kawai shi ne wanda Baba yake bi kara-kara yana zaɓa da hannunsa, ya ɗaure dami guda na iri. Da a ɗakin kakata ake rataye shi, a can na san shi ina yarinya, baƙi ƙirin da hayaƙi. Bayan ta rasu ɗakin ya faɗi, Baba ya mai da shi rumbu. Waɗanda aka taɓa ba su a maƙwabta, nasu ya gauraye da wani geron tuntuni. Damin nan shi kaɗai ya rage.

Baba ya dawo gab da magariba. Wallahi na so ya zage ni, na so ya ɗauko igiyar jaki. Inna ta yi masa bayani, ya tsaya yana kallon ƙaiƙayin. Ya leƙa ƙwaryar fura, ya ga sauran. Ya tambaya ko baƙi sun sha, na ce sun sha. Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya ɗauki buta.

Na bi shi da sauri na ce ai ba duka na daka ba, rabi yana buhu, ban surfa ba, zai tsira in an shuka. A aika Sakkwato a karɓo kawai.

Ya juyo ya dube ni. "A karɓo mi?"

"Buhun, Baba."

"Kin ba su ko ba ki ba su ba?"

"Na ba su."

"To, an ba su. Ni ban aika gidan ƙanena in ce a maido min kyauta. Kada in sake jin maganar ga."

Na san Baba. Bai taɓa neman ko allura a wurin Baffa ba. Karatuna ma sai da dattawa suka sa baki kafin ya yarda. Kwana biyu na zuba masa ido. Yana cin abinci, yana zuwa masallaci, yana gyaran ƙotar sungumi, amma ya daina yi min tsiyar da ya saba, ta kirana malamar gida. Rannan na hango shi daga nesa tsaye a 'yar gonar nan, hannu a baya, ba abin da yake yi. Kuka ya ƙwace min. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Rana ta uku bayan sallar asuba na ce wa Inna za ni Sakkwato. Ta ce babanku ya hana. Na ce ya ce shi ba zai aika ba, ni kuwa ba aikena aka yi ba, ni na yi kyautar, ni za ni karɓo abata. Sannan ta kwance bakin zaninta ta ba ni na mota, ta ce, "Ni dai ban ga fitarki ba."

Lokacin waya ba ta iso ƙauyenmu ba, hanya kuma lafiya lau take. Na hau mashin zuwa Isa, na shiga bas ɗin Sakkwato. Duk tsawon tafiyar ina haɗa maganar da zan faɗa, ina warwarewa. Ni da na tsaya a bakin mota ina wa'azin kyauta, yau ni ce zan shiga gidan bene in ce a ba ni abina. Amma in na tuna bayan Baba a gonar nan sai in ji ba komai ba ne.

Bayan azahar na isa. Hajiya tana falo, ta tsorata da ganina, ta ɗauka rasuwa aka yi. Na durƙusa na gaishe ta, kuma duk maganar da na shirya ta gudu. Na ce, "Hajiya, geron da na ba ku nake so a ba ni."

'Yar Baffa da take kwance a kujera ta tashi zaune ta fashe da dariya. "Tun daga Isa? Don gero?"

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Na faɗa musu komai, har da cewa Baba bai san na zo ba. Dariyar ta tsaya. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ai na ba maigadi ya riƙa zuba wa tattabarun Alhaji."

Ban san lokacin da na kai bayan gida ba. Baffa yana kiwon tattabaru a can, sun fi ƙarfin ƙirge, a wani fili mai yashi da aka kewaye da waya. Buhuna yana rataye a ƙusa, ya laƙwashe. Na zazzage shi a mayafina, abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Tattabarun suna ta gurnani a kaina, ƙoshe da irin kakana.

Na tsuguna na duba yashin. Akwai ƙwayoyi nan da can, waɗanda suka nutse tsuntsayen ba su gani ba, gauraye da dawa da alkama da kashin tattabaru. Na fara tsinta ɗaya-ɗaya. Can sai na ji an buɗe ƙofar waya. 'Yar Baffa ce, da rariyar kicin a hannu, ta naɗe ƙafar wandonta. Ta ce, "Matsa, malamar ƙauye, haka za ki kwana nan." Ta riƙa ɗibar yashi tana tankaɗewa, ni ina tsince abin da ya rage a rariya. Ƙumbunanta da ta sha wahalar tarawa, biyu suka karye, ta yi ta mita amma ba ta tashi ba. Littafina bai shirya ni da wannan ba, don a cikinsa 'ya'yan masu kuɗi ba sa tsuguno. Na ji haushin marubucin kaɗan, na fi jin haushin kaina.

Muna cikin haka Baffa ya dawo. Ya zo duba tattabarunsa kamar kullum, da babbar riga mai aiki da ƙamshin turare, ya tarar da 'yan mata biyu cikin kashin tsuntsu.

"Ku kuma lafiya? Ke yaushe kinka zo?"

Na sake maimaita labarin, kaina a ƙasa. Ya miƙo hannu, na zuba masa kaɗan. Ya kai kusa da ido, ya murza da yatsa, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna. Na ga fuskarsa ta canza.

"Mai gashi," ya ce. "Na babanmu. Ashe Yaya na nan riƙe da shi?"

Na ce kowace shekara.

"Ni nike tsaron gonar ga ina yaro. Ni ka fara cin tumunta, kowa bai ci ba." Ya ɗaga kai ya dubi tattabarun. "Kwana ukku ina kallon ana watsa ma tsuntsaye, ban duba ba."

Ya tuɓe babbar rigar ya rataya a ƙusar da buhun yake, ya cire hula, ya durƙusa cikin yashin da farar shaddarsa. Shi ya fi mu ido. Ni sai in tsinto gero, ya ce a'a, wanga na kasuwa na, jefar. Hajiya ta leƙo ta ga mijinta a durƙushe, ta koma ta aiko mana da ruwan sanyi. Muka yi ta yi har rana ta yi ja. Da muka haɗa da na buhu, ya cika gwangwanin madara, ya ɗan yi tozo.

Baffa ya juye shi a hankicinsa ya ƙulle. Na miƙa hannu, bai ba ni ba.

"Yaya ya aiko ki?"

"A'a. Ya ce ba a karɓo kyauta."

Ya yi dariya. "Shi ke nan shi, har gobe. In kinka kai mai haka, wallahi ba ya shukawa, sai ya ce a maido." Ya ɗan yi tunani. "To ji nan. Geron ga an ba ni, nawa na. Ke ban maido maki komi ba, kin ji ko? Ki gaishe shi, ki ce ƙanenai ya ba shi iri. Iri dai ba a ƙin shi."

Washegari na kama hanya da ƙullin a cikin rigata, hannuna a kai har Isa. Na tarar da Baba a zaure yana tufka igiya. Bai tambaye ni inda na kwana ba. Na durƙusa, na ajiye hankicin a gabansa, na faɗi saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ban rage ba.

Ya dubi ƙullin, bai taɓa shi ba.

"Ke kinka roƙo."

"Na roƙa, Baba. Ya ce ni bai ba ni ba. Kai ya ba."

Ya kwance ƙullin. Ya baza ƙwayar da yatsa, ya tsame wani ɗan gashin tattabara, ya duba shi.

"Wanga fa?"

Na faɗa masa inda muka samo shi, da yadda muka tsinta.

"Har shi?"

"Har shi. A durƙushe, da shaddarshi."

Baba ya kau da kai wajen bango. Na ga kafaɗarsa ta motsa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Da ya juyo sai ya ce, "Tahi ki ce ma innarku ta ba ni ƙaramin gora mai marfi."

Ruwan shuka ya sauka bayan na koma makaranta. Gwangwani guda bai kai ko kusurwar gonar ba, don haka a bayan gida ya shuka shi, nesa da geron kowa, ya kewaye da ƙaya. Damina ta yi mana tsawo a shekarar. Da na dawo dogon hutu na tarar ana dama kunu da rana maimakon fura, tuwo sau ɗaya, akuyar Inna kuma ta tafi kasuwa. Ba wanda ya ce ni na jawo, amma na sani, kowa ma ya sani. Geron bayan gida ya nuna a gabanmu, shi kaɗai a duk ƙauyen, ƙannena suna zagaya shi suna kukan tumu. Baba ya ce ba wanda zai ci ko zangarniya ɗaya, duka iri ne. Sai da aka shekara uku kafin ya sake cika gonarsa.

A waccan shekarar ta farko, ranar yankan geron bayan gida ya kira ni, ya ce in riƙe masa kwando. Ya bi kara-kara yana nuna min abin da ake dubawa, cikar kai, tsawon gashi, wadda tsutsa ba ta taɓa ba. Na ji daɗi har cikin raina, don rabon da ya yi min doguwar magana tun ranar fura. Da muka gama ya zaro wadda ta fi duka, ya naɗe ta a hankicin Baffa, ya miƙo min.

Na ce, "Baba, ai ka ce ba a taɓa ko ɗaya."

"Wagga ba tamu ba ce," ya ce. "In kin koma ki kai mai ya gasa. Ki ce geronai ya nuna."